Biredin kanti ko tuwon gero: me za a ciyar da mai cutar siliyak a Jidda?

Ranar da likita ta tabbatar mana cewa autata tana da cutar siliyak, wadda ke hana mutum cin alkama, kafin magariba na sami shawara biyu. Ta farko daga wata baiwar Allah ce da muka zauna layi ɗaya a asibiti, ɗanta ya shekara uku da cutar. Ta buɗe wayarta ta nuna mini hoton wani sashe a babban kanti, biredi da taliya da biskit jere reras, kowanne an buga masa "khali minal gulutin", wato babu gulutin a ciki. Ta biyu kuma daga surukata ce, wadda ta girma a ƙauye can ƙasar Kano kafin aure ya kawo ta Hijaz. Ta saurari bayanina har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, in dai alkama ce, ai da sauƙi. Mu da muka tashi, alkama sai ranar biki, a yi alkaki da funkaso. A mayar da yarinya kan gero da dawa."

Shekara huɗu ke nan. Na bi ta farko, na bi ta biyu, kowacce ta yi mini rana, kowacce kuma ta nuna mini iyakarta. Na rubuta wannan ne saboda uwar da aka faɗa wa wannan magana jiya, ta rasa ta ina za ta fara.

Larabawa suna ce wa cutar "hasasiyyatul ƙamh", wato rashin jituwar jiki da alkama, shi ya sa mutane ke ɗaukar ta kamar ƙaiƙayin da wani ke yi in ya ci kifi. Ta wuce nan. Gulutin shi ne sinadarin da ke sa kwaɓin fulawa danƙo, yana cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rayi. In mai siliyak ya ci shi, garkuwar jikinsa ce ke juyowa ta afka wa ƙaramin hanjinsa. Cikin hanjin akwai wasu 'yan tsirrai kamar gashin sabon tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Cutar tana goge su har wurin ya koma kamar tsohon tawul da ya sha wanki. Daga nan sai zawo ko kumburin ciki, rama, ƙarancin jini da ba ya jin magani, yaro ya ƙi tsawo, babba ƙashinsa ya yi rauni. Wasu kuma ba sa jin komai, ɓarnar tana tafiya a ɓoye. Kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, kuma wani gwaji da aka yi wa 'yan makaranta a Riyad, aka wallafa a 2017, ya samu kashi 1.5 cikin 100. Har yau babu allura babu ƙwaya. Wani likitan yara a Holan, Willem Dicke, shi ya ankara cewa yaran da yake jinya sun murmure a yunwar 1944 zuwa 1945 da biredi ya ɓace, suka kuma koma ciwo da ya dawo. Maganin da ya gano shi ne dai maganin yau: a bar gulutin gaba ɗaya, har ƙarshen rayuwa.

Abu ɗaya nake roƙo kafin mu shiga kwatance. Wanda yake zargi kawai, kada ya daina cin alkama sai an gwada shi. Gwajin jinin da ake kira tTG da na'urar leƙa hanji, wadda a nan muke ce wa minzar, dukansu suna bukatar mutum yana kan cin gulutin. In ya riga ya bari, sakamako zai iya fitowa fes alhali cutar tana nan. Kuma in an samu mutum ɗaya a gida, a gwada iyaye da 'yan uwan ciki ɗaya, domin kusan 1 cikin 10 nasu yakan kasance da ita.

To, kayan kanti. Babban alherinsu shi ne tabbas. Ma'aunin da duniya ta amince da shi ya ce abin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda. Kamfanoni irin su Schär na Italiya a kan wannan ma'aunin suke aiki, kuma za ki ga alamar zangarniyar alkama da aka soke da layi a jikin ledar. A watannin farko, lokacin da ban san hagu da dama ba, wannan alamar ce take sa in yi barci. Na biyu, suna tsare wa yaro mutuncinsa a cikin sa'anninsa. Lokacin tara a makaranta kowa ya fito da sanwicinsa, ita ma ta fito da nata. Wanda bai ga idon yarinya 'yar shekara bakwai tana kallon tamis mai zafi, gurasar alkama da ake ci a nan, a hannun yayyenta ba, ba zai gane girman wannan ba. Na uku, tafiya. In za mu Madina, ko muna Harami tun la'asar har bayan isha, ledar biskit a jaka ta fi kowace dabara.

Amma akwai tsada, kuma ba ƙarama ba. Kuɗin leda ɗaya ta wannan biredi, mai 'yan yanka ƙanana, zai saya wa gida duka tamis na kwanaki. Baƙalar unguwa, wato ƙaramin shago, ba ta ajiye shi, sai an ɗauki mota zuwa manyan kantuna, wata rana ma a je a tarar ya ƙare. Ga mai albashin direba ko mai gadi, da haya da kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama, a wuyansa, ba abin da za a ɗora rayuwar yaro a kai ba ne. Sannan ki juya ledar ki karanta abin da ke ciki. Yawancinsu sitacin masara ne da garin shinkafa da sitacin dankali, an haɗa da mai da sukari da wani danƙo domin ya tsaya kamar biredi. Yana cika baki, ba ya riƙe ciki. Autata takan ci yanka uku, bayan awa guda ta dawo tana cewa, "Umma, yunwa." Bayan gida kuma ya riƙa yi mata tauri, saboda babu dusa a abin ko kaɗan. Yarinyar da aka ce jininta ya yi ƙasa, abin da take bukata ya fi sitaci.

Wannan ya kawo mu ga shawarar Hajiya surukata, kuma a nan zan daɗe, domin a nan alherin yake, a nan kuma haɗarin yake. Gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca: babu gulutin a ko ɗaya. Haka wake, gyaɗa, doya, rogo, dankali, ƙwai, nama, kifi. Ki lissafa da kanki: tuwon shinkafa da miyar taushe, tuwon dawa da miyar kuka, fura, koko da ƙosai, kunun tsamiya, kunun gyaɗa, alala, dambun shinkafa da zogale, faten acca, waina, sinasir, biskin gero. Mutanen Turai da ke da wannan cuta suna biyan kuɗi mai yawa su sayi ɗan ƙullin gero a shagon masu kula da lafiya, mu kuwa da shi aka yaye mu. Kuma ana samunsa a nan. Gero shi ne dukhun a bakin Larabawa, dawa kuma zura rafi'a, ana noma su a yankin Jazan, har mutanen can suna da gurasarsu ta dawa. Shagunan 'yan Sudan da na 'yan Yaman suna sayar da su, kuma a Makka duk wanda ya san Shara Mansur ya san inda ake samun kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Gero yana da sinadarin ƙarfe da dusa da ƙarfin da sitaci ba shi da shi. Kofin kunu da safe yana kai yarinya azahar.

Na koma kan wannan hanya da murna, na ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Bayan wata shida muka koma gwajin jini, lambar ta sauka amma ba kamar yadda ake so ba. Ma'aikaciyar da ke tsara abinci ta sa na lissafa mata duk abin da yarinyar ke ci, ba ta ga laifi ba. Can sai ta ce, "A ina kuke niƙa geron?" Washegari na bi yaron da nake aike zuwa wurin niƙan. Na tsaya ina kallo aka juye wa wani dattijo alkamarsa a injin, garin yana tashi kamar hazo, har girar mai niƙan ta yi fari. Yana kwashewa, ko kakkaɓewa ba a yi ba, aka zuba gerona a baki ɗaya. Mai niƙan bai yi mini laifi ba, haka aikinsa yake, ba wanda ya taɓa ce masa akwai yarinyar da wannan ƙurar ke cutarwa. Amma jikina ya yi sanyi. Wata shida ina dama wa 'yata kunu da hannuna, da alkama a ciki.

Kada wani ya ce ai ɗan kaɗan ne. Wani bincike da aka yi a Italiya, aka wallafa a 2007, ya nuna miligiram 50 na gulutin a kullum, tsawon wata uku, ya isa ya taɓa hanjin mai siliyak. Wannan ɗan ɓurɓushin biredi ne da za ki share daga kan tabarma ba ki ma lura ba.

Saboda haka hanyar gida tana da sharaɗi, wanda ba zai iya cika shi ba gara ya tsaya a garin kanti mai alama. Sharaɗin shi ne ki sayi hatsi tsaba, ba gari ba. Ki baza shi a faranti ki tsince, domin a buhun da ake auna wa mutane, ludayi ɗaya ke shiga alkama ya shiga gero, kuma ƙwayar alkama ko sha'ir takan ɓuya a ciki. Haka adas, ɗan ƙaramin waken nan na miya, shi ma sai an tsince. Ki wanke, ki shanya, ki niƙa a gida. Mun sayi ƙaramin injin niƙa na lantarki, kuɗinsa ya yi mana nauyi a watan, amma tun daga nan bai taɓa ganin alkama ba. Na koko da waina ma ba sai da shi ba, in an jiƙa hatsin ya kwana, injin markaɗen kicin ya wadatar. Kada ki niƙa da yawa: garin gero yana da maiƙo, a zafi da laimar Jidda kwana kaɗan yake yi ya soma ɗaci. Ina niƙa na sati, in sa a firji.

Sai kuma abincinmu da alkama ta shiga ba mu ankara ba. Tuwon semo alkama ne tsantsa, ko da ya yi fari kamar na shinkafa. Kuskus alkama ne. Ɗanwake, wanda asalinsa garin rogo ne da wake da dawa, yanzu gidaje da yawa da fulawa suke yinsa, don haka garin ɗanwaken da 'yan uwa ke kawo mana tsaraba in sun zo Umara, na daina ba ta, sai wanda na haɗa da kaina. Masu waina da sinasir wasu suna barbaɗa fulawa a ƙullu don ya haɗe. Kisrar 'yan Sudan ta dawa ce, amma sau da yawa ana ƙara mata alkama don ta yi laushi, haka ma injerar Habasha. Dunƙulen miya wasu da alkama a ciki, sai an karanta. Ni na koma daddawa da albasa da busasshen kifi, miyata ba ta rasa komai ba. Tsire, wanda mutanen Hijaz suka karɓa daga wurin kakanninmu suke ce masa sire, naman ba shi da matsala, amma ina tambayar abin da aka haɗa yajin da shi, in ban gamsu ba in gasa a gida. Akwai kuma tarko ga masu ciwon sukari: an saba ce musu su koma tuwon alkama, alhali siliyak tana yawan zuwa tare da ciwon sukari irin na yara. Mai duka biyun, acca da dawa da wake su ne nasa, tare da shawarar likitansa.

Alkubus, gurasa, funkaso, fanke, cincin, taliya, waɗannan ba sai an faɗa ba.

Abincin gari kuma rabi da rabi ne. Kabsa da mandi da bukhari da saliƙ duk shinkafa ce, in an tabbatar da romon da aka dafa su, kuma ba a zuba musu sha'iriyya ba, wannan siririyar taliyar da ake soyawa a shinkafa. Ful, dafaffen waken Larabawa, ma lafiya lau, muddin ba a tsoma tamis a kwanon ba. Amma jarish da harisa alkama ne, haka mutabbaƙ da ma'asub da kajin burost da aka tsoma a fulawa. Abin shan sha'ir na kwalba, irin su Barbican da Moussy, daga sha'ir ake yinsu kamar yadda sunan ya nuna.

Azumi shi ne jarrabawa mafi girma, kuma a nan ne na fi ganin bambancin hanyoyin biyu. Teburin buɗa baki a Hijaz kusan duka alkama ne: sambusa, luƙaimat, shurbar hab, ga subiya da ake yi da sha'ir ko busasshen biredi. Shurbar shufan, hatsin da Turawa ke kira oats, ma ba a amince da ita ba sai mai alama, domin shufan yakan gauraya da alkama tun daga gona da masana'anta. Shekarar farko na yi ta fama in kwaikwayi sambusa da garin kanti, yana tsagewa a hannuna, ya sha mai, yarinya ta ci biyu don kada raina ya ɓaci. Shekara ta biyu na bar kwaikwayo. Na dama kunun gyaɗa da shinkafa, na soya ƙosai a sabon mai, na dafa dankali da ƙwai, ga dabino ga laban, nonon Larabawa. Yayyenta suka bar sambusarsu suka dawo kan nata. Abin da na fahimta ke nan: kayan kanti suna ƙoƙarin zama abin da ba su ba ne, yaro kuma yana jin bambancin a harshensa. Ƙosai kuwa ƙosai ne, ba a rage masa komai ba.

Maganar talbina ta fi kowacce nauyi a gidanmu. Kunu ne na garin sha'ir da madara da zuma, ya zo a hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa yana sanyaya zuciyar marar lafiya, kuma ana sayar da garinsa a shagunan aɗɗarai, masu sayar da kayan ƙamshi da maganin gargajiya, ko'ina. Hajiya da kanta ta sayo, ta ce, "A ba jikata, maganin Annabi ne." Na rasa bakin magana. Maigidan ne ya zauna kusa da ita ya ce, "Hajiya, zuma ma waraka ce a Alƙur'ani, amma ke da kanki kin san likita ya taƙaita miki ita saboda sukari. Ita ma wannan yarinya, sha'ir ne Allah ya jarrabe ta da shi." Ta yi shiru, sannan ta ce a dama mata irinsa da gero. Haka muke yi har yau, da madara da ɗigon zuma. Madarar ma sai a hankali a farkon jinya, domin hanjin da ya goge yakan kasa narkar da ita na ɗan lokaci. Kindirmo da laban sun fi sauƙi, kuma yawanci abin yana wucewa in hanji ya warke.

Ko wace hanya aka zaɓa, kicin ɗin sai ya canza. Muciya da rariya da allon yanka na katako suna riƙe gari a ramukansu, don haka nata daban suke, na ɗaura musu jan zare. Man da aka soya sambusa ba ya komawa kan ƙosanta. In an zauna cin abinci a faranti ɗaya, nata ake fara ɗiba kafin hannun da ya taɓa biredi ya shiga. Mu dai daga baya muka ga ya fi sauƙi tukunyar rana da ta dare ta zama ɗaya ga kowa, marar alkama, biredin safe kawai ya rage wa sauran, shi ma a gefe guda ake cinsa a share wurin. Da kayan kanti wannan ba zai yiwu ba, wa zai iya ciyar da mutum bakwai da taliyar da ake sayarwa da wannan tsada? Da tuwo da shinkafa kuwa, ba wanda ya ji an tauye shi, yarinyar kuma ta daina zama mai kwano daban.

In aka ce in zaɓa wa wani, zan duba halin da yake ciki. Gidan da ake girki kullum, akwai mai lokacin tsinta da niƙa, su kafa abincinsu a kan gero da dawa da shinkafa da wake, su ajiye kayan kanti don jakar makaranta da tafiya da ranar walima. Ɗalibi a ɗakin kwanan jami'a, ko ma'aikacin da ke zaune da abokai suna girki a tukunya ɗaya, ba shi da injin niƙa ba shi da wurin shanya, shi kam ya dogara da shinkafa da dankali da ƙwai da nama, ya sayi garin masara ko na shinkafa mai alama, ya riƙe tukunyarsa da cokalinsa. Wanda aka gano cutarsa a wannan satin, ya fara da abin da ba ya bukatar niƙa ko kaɗan, shinkafa da doya da wake da 'ya'yan itace, ya ƙara da 'yan kayan kanti, har ya koyi karanta leda. A ledar kuma a lura: "babu alkama" daban, "babu gulutin" daban, domin na farkon zai iya ƙunsar sha'ir. In an rubuta cewa mai yiwuwa akwai ɓurɓushin alkama, ni ajiyewa nake yi.

Alƙalin duka shi ne gwajin jini da ma'aunin girma, kada a yarda da cewa ai ba ta kuka da ciki. Yara hanjinsu yakan warke cikin watanni, manya kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, wani ma fiye. Mu bayan mun bar injin kasuwa, gwaji na gaba ya sauka sosai, na bayansa ya dawo daidai. Rigar makarantar da ta shekara biyu tana ja mata a ƙasa, sai ga shi na kai wa tela ya saki kalmasar. Yanzu shekararta 11, ita ke tsince geronta ranar Juma'a bayan la'asar, ta fi ni ido. In ta ci karo da ƙwayar alkama takan ɗaga ta sama ta nuna wa kakarta, Hajiya ta karɓa ta jefa wa tantabarun da ke sauka a tagarmu.